Baƙon Baba Mai Cin Batir

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke jawo wa mutum. Kakanninmu Fulani ne, shanu suka kawo su ƙasar Kurfi, suka zauna suka kama fartanya. Fillancin ya bi ruwa tun kafin a haife ni, amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya ce "kai," in yana maganata da wani sai ya ce "wancan." Ko yabona aka yi a gabansa, sai ya kau da kai ya shiga zancen damina. Ina yaro abin bai dame ni ba, don haka na ga ana yi a kowane gida. Sai da ƙanena ya fara aiko da kaya daga Kaduna sannan abin ya fara ci mini rai.

Mu biyu ne maza da suka rayu, ni da auta. Shekarar da aka zo ɗibar yara makarantar boko, ni aka ɓoye a rumbun gero, shi aka miƙa, don a lokacin wanda ake so shi ake ɓoyewa. Wai ni aka yi wa gata! Gatan ya bar ni da kaushi a ƙafa, shi kuma ya zama malamin ofis mai wando da aljihu. Wannan karatun da nake rubutu da shi ma a ajin manya na tsince shi, da gemuna.

Bayan rasuwar Inna idon Baba ya fara yana, kafin a ce me ya rufe gaba ɗaya. Ni ke kai masa buta, ni ke jan sandarsa zuwa masallaci, ni ke yanke masa farce, mai ɗakina kuma ta tuƙa masa tuwo mai laushi saboda haƙora. Ban taɓa ƙorafi ba, uba ne. Abu ɗaya kawai nake so, kuma zan faɗe shi ba kunya: in ji bakin Baba ya sa mini albarka a fili, kamar yadda yake sa wa auta.

Saƙon farko da auta ya aiko tocila ce. Jama'a, tocila! Ga makaho! Na ce a raina, lallai boko bai hana wauta. Amma zo ka ga Baba. Ya sa ta ƙarƙashin matashi, duk wanda ya shigo gaishe shi sai ya zaro ta da rana tsaka, ya danna, ya haska fuskar mutumin.

"Ta kama?"

"Ta kama, Malam."

"Allah ya yi ma auta albarka."

Ni kuwa ina tsaye a gefe da taɓon gona har gwiwa, ina cewa amin da bakin da bai kai zuci ba.

Akwai wata doka a zauren gidanmu da ya kamata in faɗa tun yanzu. Sallama, maigida kaɗai ke amsa ta. Ko da Baba ya makance bai saki wannan ba. In barci yake, sai dai mai sallama ya jira a tashe shi. Wata rana yana gyangyaɗi wani ya yi sallama, na ga kada a bar mutum tsaye a rana, na amsa. Baba ya ɗago kai ya ce, "Au, gidan ya zama naka ne? Ba a faɗa mani ba." Daga ranar ko maƙogwarona zai fashe ban ƙara ba.

To, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, sai ga wani direban lori ya sauke mana kwali. Rediyo ne, irin ƙaramin nan mai batir da ya fara shigowa a lokacin, da rigarsa ta fata mai huji-huji, da marataya, da wani siririn ƙarfe da ake zarowa sama. Na taɓa jin irinsa a ƙofar kanti a Dutsin-Ma, amma a unguwarmu babu wanda ke da shi. Kafin la'asar zaure ya cika har waje. Direban ya nuna mini inda ake murɗawa, na murɗa, aka yi ta shuuu, can sai ga muryar mutum tangaran, ya yi sallama.

Baba ya gyara zama ya amsa masa cikakkiya, har da rahama da albarka. Sannan ya ce, "Maraba, lale. Kai, kawo tabarma."

Mutane suka yi dariya, ni ma na yi. Na matsa kusa na ce, "Baba, ai babu kowa a ciki. Mutumin yana Kaduna, iska ke kawo maganar."

"Na sani," in ji shi. "Na makance ne, ban haukace ba. Mai maganar mutum ne ko aljani?"

"Mutum ne."

"To mutum ya yi sallama a zaurena na amsa. Mi ya zama ke nan?"

Na ɗauko sabuwar tabarmar da muke ajiyewa don surukai, na shimfiɗa, aka ɗora akwatin a kai. Baba ya shafa rigar fatar ya ce Allah ya yi wa auta albarka, mutane suka ce amin, har da masu ƙarawa da cewa ɗa ke nan. Wallahi na ji kamar an watsa mini barkono a ido.

Da jama'a suka ragu, na tuna direban ya ce a riƙa kashewa don batir. Na kai hannu ke nan sai sandar Baba ta sauka a bayan hannuna, ƙwal! Makaho ne, amma kunnensa na jin motsin riga.

"Haka aka koya maka? Baƙo na tsakiyar magana ka toshe mashi baki?"

"Baba, batir zai ƙare."

"Ya ƙare mana. Baƙon da ya ci abincinka ai bai cuce ka ba."

Shi ke nan, doka ta biyu ta kafu. Ba a kashe rediyon nan sai masu magana sun yi sallamar tafiya da bakinsu. In suka buɗe da safe Baba ya amsa, sai ya tafi har su rufe. In suka sa kiɗa, Baba da ba ya son kiɗa, sai ya juya baya ya ɗauki carbi, ya ce kowane baƙo da halinsa. In suka koma Turanci sai ya yi shiru yana gyaɗa kai, wai ba a kunyata mutum don ba ka jin harshensa. Lokacin sallah kaɗai yake cewa "a gafarce mu," ya lulluɓa masa bargo, mu tafi masallaci mu bar shi yana surutu a ƙarƙashi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne in Baba zai shiga wanka ko zai ɗan kishingiɗa. Sai ka ji, "Kai! Zo ka zauna ma baƙo." Don a wurinsa abin kunya ne mutum ya yi ta magana a zaure babu mai saurare. Sai in bar shuka, in bar gyaran danga, in zo in tsuguna gaban akwatin auta, ni magidanci mai 'ya'ya. Kuma ba shiru zan yi ba, don daga bayan gida yana kasa kunne. In ya ji ɗif sai ya ɗaga murya, "Ba ka amsa mashi?" Sai in ce, "To." "Haka ne." "Madalla." Wata rana mutumin yana bayanin yadda ake kashe ƙwarin auduga, ni ko tsinken auduga ban shuka ba, ina ta "ikon Allah, ikon Allah," mai ɗakina na leƙe ta bayan zana tana dariya har da riƙe ciki.

Batir kuwa, wayyo batir! Baƙon nan ya fi doki ci. Na gwada duk dabarar da ake yi a lokacin. Na shanya su a rana bisa rufin rumbu, na ɗan ƙwanƙwasa su da dutse, su farfaɗo na yini guda su sake mutuwa. A Kurfi ba kullum ake samu ba, sai in hau keke in bi ta Birchi in nufi Dutsin-Ma. Da rani yashi ya riƙe taya, da damina in saɓa keken a kafaɗa in ƙetare rafi. Mai kantin da nake saye wurinsa, wani dattijo mai barkwanci, tun daga nesa yake tarbata.

"A'a, ɗan Malam! Baƙon ya sake jin yunwa?"

"Ya ji, Alhaji. Allah ya kawo ranar tafiyarsa."

"Kai dai faɗi gaskiya, da baƙon kake ko da wanda ya aiko shi?"

Sai in yi murmushin yaƙe, don ya taɓa inda ke ciwo. In na dawo na zuba sababbi, murya ta fito garau, me kuke tsammani Baba zai ce? "Madalla, ya samu ƙarfi. Allah ya yi ma auta albarka." Auta yana can ƙarƙashin fanka, bai ma san batir na ƙarewa ba.

Kantin Alhajin nan shi ne wurin da muke ganin duniya. Kowane zuwa da sabon abu: agogon hannu mai lambobi masu haske a duhu, risho mai cin kananzir, garmaho da fayafayansa, keken ɗinki na hannu. Nan na ga fulas. Alhaji ya zuba ruwan zafi a gabana da safe, na gama cin kasuwa na dawo da yamma, ya tsiyaya mini a hannu, sai da na yarfe. Nan take na ce na samu. Baba na shan wahalar ruwan alwala da asuba lokacin sanyi. In tocila ta jawo albarka, wadda ba ta yi masa komai, ina ga wannan? Da wake ya zo na kai kasuwa, na sawo fulas ja mai zanen furanni, na ɗaure shi a ƙirji da rawani don kada ya fashe a hanya.

Na durƙusa na sa masa a hannu. Ya shafa, ya buɗe, ya ji tururi a fuska, fuskar ta washe.

"Auta ya aiko?"

"A'a, Baba. Ni na sawo."

Sai fuskar ta koma yadda take. Ya mayar da murfin a hankali.

"To. Aje can."

Aje can! Abin da na samu ke nan. Kullum da shi yake alwala har ƙarshen ransa, amma bai taɓa zaro shi ya nuna wa kowa ba. Mai ɗakina ta ce, "Malam, in ba ka nan fa rungume shi yake yi kamar jariri, na gani da idona." Na ce mata to ai ni ba fulas ba ne, kuma ni kunne gare ni, ji nake so in yi. Ta ce, "Kai da ka san al'ada." Na sani mana. Sanin al'ada bai taɓa hana ciwo ba.

Da Babbar Sallah auta ya zo gida. Ya yi ƙiba, ya yi haske, ga agogo a hannu, ga ƙamshi na tashi. Kada a ce na ƙi shi, ɗan'uwana ne, kuma yaron kirki ne, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan, don ban samu inda zan kama shi ba. Ya yi sallama, Baba ya amsa har muryarsa na rawa. Ya shigo ya durƙusa. Rediyo na tsakiyar labarai, ya hana su jin juna, sai auta ya miƙa hannu kawai, ƙit, ya kashe.

Zuciyata ta yi tsalle. Na ce yau ake yin ta! Na gyara tsayuwa ina kallon sandar nan, ina jiran ta tashi. Na shekara da shekaru ina jiran rana irin wannan.

Hannun Baba ya je kan sandar, ya tsaya. Can sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Auta ke nan. Matso in ji ka." Ya kama kansa yana shafawa, yana tambayar hanya.

Da auta ya shiga ciki gaida mata, na kasa haɗiyewa. Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba, ranar ma ban ɗaga ba, amma na yi magana.

"Baba, ni da na kai hannu kawai, sanda na sha. Shi ya kashe gaba ɗaya."

"Yaro ne. Kunna, ka ba baƙo haƙuri."

"Ni zan ba da haƙurin?"

"Da wa zai ba?"

Na kunna. Na dubi akwatin nan na ce, "A yi haƙuri, yaro ne." Sannan na juyo, idona ya cika, na ce, "Baba, ni ke noma, ni ke zuwa Dutsin-Ma, ni ke zaman baƙo. Sau ɗaya dai. Ko sau ɗaya ka ce da ni abin da kake ce da shi."

Ya sunkuyar da kai kamar na tuɓe a gabansa. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Ba ka da kunya, wancan. Tashi, ina jin awaki sun shiga rumbu."

Babu akuyar da ta shiga ko'ina. Na tashi na fita.

Da yamma muna cin nama da auta, ya ce, "Yaya, ai kashewa ake yi in ba a saurare. Batir ɗin ba ya ƙarewa?" Na ce, "Kai ka faɗa mashi, kai da ba a duka." Ya yi dariya, bai gane ba. Ya shiga ba ni labarin abubuwan da ke tafe: wai akwai akwatin da zai ɗauki maganar mutum ya maimaita ta, akwai kuma wanda ake ganin mai maganar da ido, har ya gani a gidan wani babba a Kaduna. Ya ce in sun yi araha zai aiko wa Baba. Na ce, "Don Allah ka rufa mini asiri. Wanda ba a gani ma tabarma ya ci, wanda ake gani ai sai na yanka masa rago."

Bai kai ga aikowa ba. Da kaka ta zagayo, ana cikin yankan gero, Baba ya kwanta. Tari ne ya fara, sai ƙafafu suka kumbura, sai abinci ya ƙi shiga. Muka so mayar da shi ɗaki, ya ƙi, ya ce maigida ba ya barin zaure. Na aika wa auta ta hannun direban lori, amma hanya da nisa, aiki kuma ba a barinsa yadda ake so. Na bar geron a tsaye, maƙwabta suka taya ni. Ni ke juya shi, ni ke ba shi koko da ludayi, ni ke tsiyayo ruwan ɗumi daga fulas ina shafa masa a fuska. Ko a cikin wannan hali, duk safiya sai an buɗe wa baƙo, ya amsa sallama da 'yar muryar da ta rage, ya sa wa auta albarka. Ni kuma, Allah ya gani, ina riƙe da kansa a cinyata ina jin kishin nan yana nan bai tafi ba.

Wata safiya rana ta ɗan ɗago, ya motsa leɓe. Na kai kunne.

"Buɗe ma baƙo."

Na murɗa. Aka yi shuuu, sai mutumin ya yi sallama kamar kullum. Bakin Baba ya motsa, murya ba ta fito ba. Ya sake gwadawa, sai iska. Mutumin Kaduna bai jira ba, ya wuce cikin maganarsa. Na ga damuwa ta bayyana a fuskar Baba, an yi sallama a zaurensa ba a amsa ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka gina shi. Ni kuwa na kame bakina, don na san doka.

Sai hannunsa ya lalubo gwiwata ya riƙe.

"Amsa."

"Baba, ni?"

Ya ja numfashi, ya tattaro abin da ya rage masa.

"Amsa mashi, maigida. Baƙonka ne."

Na buɗe baki. Da ƙyar na fitar da amsar, cikakkiya yadda yake yi, har da rahama da albarka, ga akwati mai rigar fata da ya riga ya yi nisa cikin labarin farashin gyaɗa. Baba ya saki gwiwata, ya gyaɗa kai. Bai ƙara wata doguwar magana ba, kuma bai kai Juma'a ba.

Auta ya iso bayan an dawo daga maƙabarta. Ya yi kuka sosai, na rarrashe shi. Masu ta'aziyya suna ta cewa ai ya yi wa tsoho komai, shi ya ɗebe masa kewa da rediyo, Allah ya ba mu 'ya'ya irinsa. Ina zaune ina ji, ina cewa amin. Da muka keɓe ya tambaye ni, "Yaya, ya ambace ni?" Na ce, "Kullum. Har safiyar ƙarshe da ya iya magana." Gaskiya ce, kuma da ɗaci na faɗe ta. Ya share ido ya ce, "Kai fa, mi ya ce maka?" Na ce, "Ni baƙo ya bar mini."

Kalmar da na roƙa ban same ta ba. Har yau in na ji wani tsoho ya ce da ɗansa Allah ya yi maka albarka, sai wani abu ya ɗan soke ni a ƙirji, da furfurata da jikokina.

Da la'asar ɗin ranar da auta ya iso zaure ya cika da dattawan unguwa, ga Liman, ga ƙannen Baba, ga auta da agogonsa. Rediyon na gefe a kan tabarmarsa, a rufe. Sai wasu mutanen Karofi da suka ji labari a makare suka iso ƙofa, babbansu ya yi sallama. Zauren ya yi tsit. Ni ma na yi shiru, ina jiran muryar da na saba ji daga kusurwar nan. Mutumin ya sake sallama. Na ɗaga kai, sai na ga kowa ni yake kallo, har auta.

Na gyara zama na amsa, na ce a kawo tabarma.